Fararen Haƙoran Mai Goro

Duk direban da ya taɓa ɗaukar kaya daga Zuba ya nufi Kaduna ya san rumfar Nababa. Tana nan a bakin tasha, daf da inda ake sauke lemo da kankana. Kwanon rufi huɗu ne da benci ɗaya, amma a ƙarƙashinta ake sayar da goron da babu kamarsa a duk faɗin kasuwar. Sunansa na yanka Yusha'u, sai dai in ka shiga Zuba kana cigiyar Yusha'u, wuni za ka yi kana zagaye. Nababa mai goro shi kowa ya sani.

Daga wani ƙauye na ƙasar Tsanyawa ya zo yana saurayi, lokacin da rabin Abuja ciyawa ce, ɗaya rabin kuma ramin gini. Da dako ya fara, yana sauke buhunan lemo har wuyansa ya nemi shigewa cikin kafaɗu. Ana nan sai ya lura cewa direbobin manyan motoci za su iya haƙura da abinci, amma ba sa haƙura da goro, don shi ne ke riƙe musu ido a kan hanya. Ya sayi tire, ya zuba goro, ya shiga bin motoci. Tire ya zama tebur, tebur ya zama rumfa. Ya auro Rekiya daga garinsu, aka haifi yara biyar, shekara talatin da ɗoriya ta wuce bai ankara ba.

Ba shi da wani asiri a sana'ar nan illa bakinsa. Duk huhun goron da aka kawo masa daga Kudu, sai ya kwance ganyen, ya zura hannu can tsakiya, ya zaro ɗaya ya ɓare ya tauna. Ido a rufe zai gaya maka ko daushe ne da ya kwana biyu ya yi garɗi, ko sabo ne mai bauri, ko kuwa sankara ta fara cinsa ta ciki. Wannan na aiki ke nan. Ban da shi akwai na bayan karin kumallo, da na hira, da wanda ake ɓarewa in baƙo ya zauna a benci. Mutumin da ya yi shekara talatin a haka, ba sai an gaya maka yadda haƙoransa suke ba. Ba ja ba ne, ba baƙi ba ne, wani launi ne tsakanin manja da tsatsa. A Zuba kuwa wannan ba abin magana ba ne, hasali ma talla ce, don direba ya fi yarda da mai goron da ke cin kayansa. Ga shi kuma Allah ya yi shi da dariya. In abu ya ba shi dariya, sai ka ƙirga haƙoransa har na can ƙurya.

Abin ya fara damunsa ne ranar da 'yarsa ta fari, Zuhra, ta gama jami'a a Zariya. An jeru za a ɗauki hoto, shi baki har kunne, sai mai hoton ya sauke kyamara ya ce, "Baba, ko za a ɗan rufe bakin?" Aka yi dariya, shi ma ya yi. Amma hoton da aka wanko aka rataye a falo, wanda bakinsa ke rufe ne, ya tsuke shi kamar mai riƙe da magani. Zuhra ba ta taɓa cewa komai ba, ko da wasa. Shi ne dai ya ajiye abin a ransa, kuma duk lokacin da ya shigo falon sai idonsa ya kai kan hoton.

Daga Zariya ta wuce makarantar lauyoyi ta Bwari, ta yi shekara guda tana karatu kamar za ta cinye littattafan, ta ci jarrabawa. Aka sa ranar da za a tara su a babban zaure a cikin gari, a kira kowa da sunansa, ya fito gaban manyan alƙalai ya karɓi shaidarsa, ya zama lauya. Katin gayyata guda ɗaya tak aka ba ta na shiga zauren. Ta kawo shi gida ta ajiye tsakanin uwa da uba, ta koma gefe ta bar su da shi.

Rekiya ce ta tura katin gabansa. "Malam, kai ka sha rana saboda ita, kai za ka shiga. Ni zan jira a waje da abinci. Amma da sharaɗi. Ka buɗe ido ka gano mini komai, tun daga kiran sunanta har komawarta kujera. Kada ka fito ka ce mini an yi lafiya kawai, na san halinka."

Ya karɓa, ya sa a aljihun gaba, yana jin kansa kamar ya fi kowa a Zuba. Kwana biyu ana haka, sai murna ta fara gauraya da fargaba. Zauren nan cike zai kasance da daraktoci da manyan sakatarori da matansu, mutanen da ko tari suka yi sai ka ji ƙamshi. Za a yi hotuna. Yarinyar nan za ta kamo hannunsa ta kai shi gaban ƙawayenta ta ce ga babana. Shi abin da yake so bai da yawa, yana so ne ranar nan ta nuna shi ba tare da ta ji ko ɗigon nauyi ba.

Elvis ya fara yi wa zancen, mai sayar da caja da murfin waya a rumfar da ke kusa, mutumin Edo da ya tashi a Suleja, mai Hausar da ba ta damu da mace ko namiji ba.

"Haba Baba, wannan ai small matter ne," in ji Elvis. "Akwai wata likita a Wuse, shi yana wanke haƙori. Awa ɗaya, biyu, ka fito fes. Oga na na da ya yi, matarsa bai gane shi ba. Amma ka je da wuri fa, kada ka bari sai last minute."

Nababa ya ji ta wankewa, bai ji ta zuwa da wuri ba. A iya saninsa, duk wani gyaran jiki ana gobe biki ake yinsa. Aski ana gobe Sallah, guga ana gobe ɗaurin aure, wankin hula ma haka. In ka yi da wuri, kafin ranar ya tsufa. To ina dalilin da zai wanke haƙori tun da sauran mako, ya dawo rumfa ya sake rina su? Don haka ya bari sai ana gobe, ya ɗanɗana goronsa na safe, ya bar wa wani ƙaninsa rumfa, ya hau motar Wuse bai gaya wa kowa a gida ba.

Likitar, Dakta Najwa, yarinya ce da ba za ta girmi Zuhra da yawa ba, Bakanuwa mai fara'a. Ta kwantar da shi a wata kujera mai komawa baya da kanta, ta haska fitila, ta leƙa bakin.

"Masha Allah. Baba, goro nawa ake ci a rana?"

"Ai ba a ƙirgawa, likita."

"Na ga alama. Za a iya, amma bari in gaya muku tun kafin mu fara. In an gama, kwana biyu cur ba goro, ba shayi, ba zoɓo, ba miyar manja. Haƙorin zai zama kamar sabon farin yadi, duk abin da ya taɓa shi kamawa zai yi. Kuma zai riƙa tsami in ya ji sanyi. Yaushe ne taron?"

"Gobe da safe."

Ta ajiye abin da ke hannunta. "Gobe? Baba, da kun haƙura an yi taron, sai ku dawo a yi a natse."

"Bayan taro kuma me zan yi da su? 'Yata, kwana biyu har wani abu ne? Ni da nake azumin wata guda."

Nan ya yi kuskurensa na biyu. Gaskiya ne yana azumin wata guda, amma ya manta cewa in an sha ruwa, daga dabino sai goro, kuma da shi yake rufe sahur. Ya kuma manta abin da duk tashar Zuba ta sani, cewa a watan azumi daga azahar zuwa la'asar ba a samun Nababa, yana ƙarƙashin tebur yana minshari. Tun da ya yi wayo bai taɓa haɗa yini da kwana babu goro a bakinsa ba.

Aka fara aiki. Ta sa wani ƙarfe mai ƙara yana fesa ruwa, ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya tana kankare tarihin shekara talatin. Da aka gama wannan, aka sa masa wata roba ta wangale leɓɓansa, aka shafa wani farin magani, aka ɗora masa baƙin tabarau, aka kunna wata shuɗiyar fitila a saitin bakin. Yana kwance haƙora a waje kamar kan ragon layya da aka babbake, yana godiya ga Allah da babu ɗan Zuba ko ɗaya a wurin. Sau uku ana gogewa ana sake shafawa.

Da aka miƙo masa madubi, sai ya ƙura wa haƙoran ido. Ba su kai farin waɗanda ke hoton bangon asibitin ba, likita ta riga ta gaya masa ba za su kai ba. Amma a idonsa, wani mutum ne daban ke kallonsa, irin wanda in ya shiga ma'aikata za a ce masa ranka ya daɗe. Ya yi murmushi, ya rufe, ya sake yi. A motar komawa har ya yi wa kwandasta murmushi ba gaira ba dalili.

Rekiya na tankaɗe a tsakar gida ya yi sallama. Ta ɗago, ta dube shi, rariya ta tsaya a hannunta.

"Malam, haƙoran wa ka aro?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kira yara su zo su ga ubansu. Daga baya, da ta fahimci dalili, sai ta bar dariyar, ta dama masa kunun gyaɗa fari sol tunda an hana shi miya. Ya nemi ruwan randa ya kurɓa, wani tsami ya tsarga masa tun daga haƙori har tsakiyar kai, ya yi salati ya ajiye moɗa. Kafin magariba kan ya fara sarawa. Hannunsa ya yi ta zuwa aljihu da kansa yana dawowa wayam. Haka ya kwana yana juyi, kansa kamar ana daka a ciki.

Da safe ya sha babbar riga mai ruwan ƙasa da hula sabuwa, ya zazzage aljihunsa tas don kada shaiɗan ya sami ƙofa. Zuhra a cikin gari ta kwana da ƙawayenta, ta dai yi waya ta ce, "Baba, sunana yana can wajen ƙarshe, sai ka yi haƙuri, mutanen da yawa." Ya ce ba komai, ko kwana za a yi yana nan. Suka ɗauki shatar tasi, ya bar Rekiya a gindin wata bishiya a filin ajiye motoci, da kulolin shinkafa da yara biyu, ya nuna katinsa a ƙofa ya shige.

Zauren ya fi yadda ya zata. Ɗalibai sun cika tsakiya, baƙaƙen riguna iya ganinka, iyaye kuma an jera su a sama. Ya sami kujera mai laushi, ya juya ya sakar wa na kusa da shi murmushin da ya sha wahala a kansa. Iyakwandishan ya daki haƙoran, tsamin jiya ya dawo sabo. Ba shiri ya rufe baki. Duk wannan hidima, ga shi ya zauna a tsuke fiye da yadda ya yi a Zariya.

Aka yi jawabai da Turanci masu tsawo. Aka fara kiran suna. Kowane ɗalibi ya taso, ya taka zuwa gaba, ya rusuna, ya karɓa, ya koma. Ɗari na farko Nababa ya tafa wa kowa, har da 'ya'yan da bai san iyayensu ba. A ɗari na biyu tafin ya yi sanyi. A na uku ya fara hamma, irin mai fito da hawaye.

Na kusa da shi wani dattijo ne Bayarabe mai ƙatuwar hula. Shi ma da zaman ya ishe shi, sai ya laluba aljihu ya fito da goro, ya ɓare, ya miƙo wa Nababa rabi. "Alhaji, bismillah. Wannan zama sai da shi."

Kallo ɗaya Nababa ya yi masa ya san daushe ne na gaske, fari, mai ƙwari. Yawunsa ya tsinke. Ɓari ɗaya ya isa ya washe masa ido har la'asar, ya sani sarai, ai da wannan yake ciyar da gidansa. Sai ya tuna farin yadin likita, ya tuna hotunan da za a yi an jima. Ya dafa ƙirji ya ce, "Na gode, ba na ci." Tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa yin ƙarya mai girman wannan ba.

Ba a daɗe ba aka kira yaron dattijon nan, uban ya tashi ya yi ta ɗaga hannu, daga nan ya sulale ya fita. Nababa ya rage shi kaɗai da barcinsa. Ya mintsini cinyarsa. Ya cire hula ya mayar. Ya ciro carbi yana ja, abin ya ƙara lallashinsa. Muryar mai kiran suna ta koma kamar ƙarar injin niƙa daga nesa, ga sanyi, ga kujera mai laushi. Ya ce bari ya ɗan rufe ido ɗaya ciwon kan ya lafa, tunda yarinyar tana can wajen ƙarshe.

Tafi ne ya tashe shi, mai ƙarfi kamar ruwan sama a kan kwano. Kowa yana tsaye. A ƙasa, ɗaliban nan duka sun ɗora farar hular gashin lauyoyi a kansu, suna rungumar juna. An gama. Ya dubi matar da ke bayansa ya ce, "Hajiya, an kira na ƙarshe?" Ta ce, "Tun ɗazu, Baba. Mun so mu tashe ku, muka ga kun gaji."

Bai san lokacin da ya koma ya zauna ba. Shekara ashirin da biyar yana jiran minti ɗaya, minti ɗin ya zo ya wuce yana minshari. Baƙin ciki ya rufe shi, da kunya, da haushin kansa. Ya fi kowa daɗewa kafin ya fito daga zauren, yana tafe yana jan ƙafa.

A gindin bishiya ya tarar da su, Zuhra ta riga shi isowa, cikin baƙar riga har ƙasa da hular gashi, uwarta na ta shafa rigar kamar ba ta yarda ta gaske ba ce. Rekiya ta hango shi ta ce, "Yauwa, ga mai labari. To Malam, bismillah, tun daga farko."

Zuhra ta tare shi da murna. "Baba, ka gan ni? Sai da na juyo na ɗaga hannu ta wajenku, ko da yake an hana."

Da ya ce ya gani, da an wuce wurin. Ba wanda zai tsare shi da tambaya, duk ɗaliban tafiya iri ɗaya suka yi. Amma ƙarya ɗaya ta ishe shi a rana.

"Ban gani ba," ya ce. "Barci ya ɗauke ni."

Ya faɗi sauran a taƙaice, likita da kwana biyu da goron da ya mayar. Yana magana Zuhra na kallon bakinsa, sai yanzu ta lura. 

"Saboda ni ka yi, Baba?"

Ya sunkuyar da kai.

"Wa ya ce maka ina so?"

"Ba kowa."

Idonta ya ciko. Ta tsare shi da ido har ya fara fatan ƙasa ta tsage. Can sai ta sa bayan hannu ta share fuska, ta cire hular gashin, ta damƙa masa a hannu.

"Riƙe. Ka tsaya nan, Umma ta tsaya kusa da kai. Zan koma wajen waccan farar motar. In na tsaya, ka kira ni, da ƙarfi, cikakken suna, yadda suka yi a ciki."

Kafin ya ce wani abu ta juya ta tafi, rigar na jan ƙasa. Nababa ya dubi Rekiya, Rekiya ta kau da kai tana gyara mayafi. 'Yar fari ce. Tun ranar da liman ya raɗa mata suna, bai taɓa kama shi da bakinsa ba, haka ya taras ana yi a gidansu. Daga "ke" sai "yarinyar nan", da su ya raine ta har ta girma. Ga ta can ta tsaya a jikin farar mota, ta haɗe hannuwa a gaba, tana jira. Ga mutane cike da fili, masu hoto da masu cin shinkafa.

Ya gyara murya. Na farko bai fito ba, iska ce kawai. Ya ja numfashi ya sake.

"Zuhra Yusha'u!"

Muryar ta fashe a tsakiya, amma ta kai. Mutanen da ke kusa suka waiwayo. Rekiya ta sa gefen mayafi ta toshe baki. Zuhra ta taho a hankali tsakanin motoci, kai a ɗage, shi kuwa yana riƙe da hular da hannu biyu, bai ko ƙifta ido ba har ta iso gabansa ta rusuna.